Ranar da Dije Ta Taɓa Ɗiyarta

Darnin kara ne ya raba gidana da na Dije, kowace damina sai ya kwanta mu tada shi. Tun da mijina Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba ni da aikin da ya wuce saƙar faifai da jan tasbaha, don haka abin da ke faruwa a tsakar gidanta ina jin sa ko ban yi niyya ba. Na san ƙarar taɓaryarta. Na san gyaran muryar da take yi kafin ta ɗauki buta. Mun tsufa tare a haka, ita a can, ni a nan, ba mu cika shiga ɗakin juna ba.

Sunanta Khadijatu, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai ranar ɗaurin aurenta. Tungarmu tana bayan Horo Birni, sai an tsallake rafi. Ita kuwa daga wani ƙauye kusa da Bodinga aka kawo ta, ɗiyar manoman albasa ce. Matan tunga suka daɗe suna tsokanarta, wai ko ta yi wanka ƙamshin albasa bai barinta. Ba ta ramawa. Mijinta, Mijinyawa, mutumin shanu ne, rabin shekara yana can wajen kiwo, saboda haka tun tana amarya ta saba cin tuwo ita kaɗai.

Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Bahijja. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma a wajenmu abin ya fi na wurare da yawa tsanani. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta taɓa jikinsa a gaban mutane in ba dole ba. In yana kuka sai ta kau da kai, har wata ta ce, ke ba shi nono mana. Dije baƙuwa ce, ta san ana zuba mata ido, sai ta riƙe abin fiye da 'yan gari. Da aka yaye yarinyar, yayar Mijinyawa, Nana, ta zo daga Kajiji ta ɗauke ta riƙo. Ranar da za a tafi da ita Dije tana daka, ba ta ɗago kai ba. Mata suka yaba, suka ce lallai wannan ta san kunya. Ni da ke bayan darni na ji dakan ya daɗe fiye da yadda gero ke bukata.

Ta sake haihuwa bayan nan, amma ba wanda ya kai yaye. Daga baya Mijinyawa ya kwanta ciwo ya rasu. Iyayenta sun riga sun rasu a can, ba inda za ta koma, sai ta zauna a ɗakinta da 'yan akuyoyinta. Bahijja kan zo da salla tare da Nana, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Adda, ina kwana." Haka take kiranta, kamar wata yayarta. Dije ta amsa tana kallon wani wuri.

Ungozomanci a wurin uwar mijinta ta koya. A da ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo. Mace za ta shiga ɗaki ita kaɗai ta durƙusa, ta danne bakinta, don wadda ta yi ƙara an dinga ba da labarinta ke nan a bakin rijiya. Sai an ji kukan jariri a aika. Ungozoma ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke ɗa, ta ɗora ruwan wanka. Dije ta wanke jarirai masu yawa a tungar nan. Ta kuma wanke gawar wasu daga cikin uwayensu, don wani lokaci in aka aika mata ba kukan jariri aka ji ba, shirun ne ya yi yawa.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka tara ungozomomin ƙauyuka a Shagari. Akwai wata nas a asibitin, Malama Mufida, ita ta fi zama da su. Dije ta yi 'yan kwanaki ta dawo. Na leƙa ta darni na ce, "To, mi anka ba ku?"

Ta ɗaga mini babban yatsanta. "Wanga."

Sai ta nuna mini a ƙafarta. In mace mai ciki ta kumbura, a danna saman idon sawu. In ramin ya zauna bai ciko ba, ga fuska ta tashi, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, to ba zaƙi ba ne kamar yadda muke cewa, ba iska ba ne, jini ne ya hau, kuma jijjiga na iya biyo baya. A kai ta asibiti tun tana iya tafiya da ƙafarta.

Daga nan aikinta ya juya. Maimakon ta jira a kira ta, sai ta riƙa shiga gidaje tun ciki bai tsufa ba. Mutane ba su ji daɗin abin ba, don ganin ungozoma kafin haihuwa kamar ana yi wa mutum mugun fata ne. Kulu, matar mai unguwa, wadda bakinta ba ya hutawa, in ta hango ta sai ta ce, "Ga mai latsa nan tahe, ku ɓoye ƙahwahunku!" A yi dariya. Dije ta yi sallama, ta zauna, ta jira dariyar ta ƙare, ta ce a miƙo ƙafar. Ranar awo kuwa za ka gan ta a gaba, mata biyu ko uku a bayanta, sun tattare zane sun tsallake rafi, su kai Horo Birni su shiga keke-napep zuwa Shagari. Mazan da suka ƙi, ta bi su har gona ta durƙusa a bakin kunyar noma ta yi ta roƙo, ba ta tashi sai sun gaji sun ce a je.

Abin ya yi amfani, wannan ba wanda zai musa. Mun daɗe ba mu ɗauki gawar mai naƙuda ba. Amma ita gidanta sai ya ƙara yin shiru. Wadda ta haihu a asibiti ba a tuna a aiko wa ungozoma da rabonta na naman suna. Wadda ke son haihuwa a ɗaki kuwa wata tsohuwa take kira, don an ce Dije ba ta da magana sai asibiti. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Bahijja ta girma a Kajiji, ta ga wani saurayi mai suna Maniru, mai sayen albasa daga Bodinga, suka daidaita aka ɗaura. Shekara na zagayowa Nana ta rasu. Saboda haka da ciki ya tsufa, aka zo maganar goyon ciki, ba gidan da za a kai ta sai na wadda ta haife ta.

Tun da rani na ga Dije ta canza. Ta sake daɓen ɗakin da ke gabas. Kullum da hantsi ta shiga daji ta dawo da ɗaurin icce, ta jibge a bayan rumbu har ya fi tsawonta. Ta aika aka sayo mata babbar tukunyar wanka. Na ce, "Dije, wanga shiri hwa?"

Ta ce, "Wai wata baƙuwa za a kawo."

Amma na san abin da take lissafawa. Kwana arba'in na jego su ne kaɗai al'ada ke bai wa uwa ta zauna da ɗiyarta ta fari a gida ɗaya, ta dafa mata ruwa, ta dama mata kunu, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Da damina ta yi nisa Maniru ya kawo matarsa ya koma. Suka zauna su biyu a gidan nan kamar waɗanda mota ta haɗa. In tuwo ya nuna, Dije ta tsaya a tsakar gida ta ce wa iska, "A ce ma mutanen ɗaki tuwo na hucewa." In Bahijja na son sabulu, ni take leƙowa ta tambaya ta saman darni. Ta yi awo a Bodinga da farko, amma tun da ta zo ba ta sake zuwa ba. Rafi ya cika, kuma ba za ta je ba sai an ce ta je, ga shi ba mai cewa. Dije tana kwasar matan mutane tana kai su Shagari, ta dawo ta wuce ƙofar ɗakin gabas ba ta ko waiwaya.

Wata rana bayan la'asar ta zo jikin darni, ta rage murya.

"Yaya Fatu."

"Na'am."

"Tahi ki dubo mini ƙahwar wagga yarinya."

Na je. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ta ja hijabi ya rufe har yatsun ƙafa. Ita ma tata kunyar ta cikin fari tana kanta. Na ce, "Ɗiyata, ya jikin?"

"Lahiya lau, Inna Fatu."

"Mu ga lallen da anka sa miki a Bodinga, an ce matan can sun iya."

Ta yi murmushi ta ƙara naɗe ƙafafun. "Ai ya goge."

Na ce Adda ta ce a je awo. Ta sunkuyar da kai, ta ce ba abin da ke damunta, kuma ba ta son a ce ta kasa tun ba a je ko'ina ba. Na dawo na gaya wa Dije ban ga ƙafa ba. Amma na gaya mata abin da na gani. Awarwaron hannunta ya nutse cikin nama. Tana zaune ta juya wa hasken ƙofa baya. Silifanta kuma suna nan a bakin ɗaki, ruwan sama ya taru a cikinsu.

Dije ta ce, "Na gani. Tun shekaranjiya ba ta sa su ba. Ba su shiga."

Ta tsaya riƙe da karan darnin. Na ce ko in sake komawa in matsa mata. Ta girgiza kai, ta ce ko na ga ƙafar ban san irin ramin da ake nema ba, kuma gaskiyarta. Ta koma ta ɗauki buta.

Ranar Juma'a da hantsi mata suka taru a gidanta, don turminta ya fi na kowa girma, kuma washegari akwai suna a gidan mai unguwa. Ana daka, ana hira, Kulu na ba da labarin yadda ta haifi ɗanta na fari tana tsakiyar sussuka, wai ta shiga ɗaki ta fito kafin a gama sheƙa. Bahijja ta fito don kada a ce ta kwanta baƙi na aiki. Ta zauna a tabarma za ta yi tankaɗe. Ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwarya, hannun ya sauka a gefenta. Ta sake miƙawa, ya sake sauka a ƙasa. Sai ta laluba ta kamo bakin ƙwaryar.

Ina kallon Dije. Taɓarya na sama a hannunta, ta sauke ta a hankali ta jingina da turmi. Ta goge hannu a zane. Ta ratsa tsakar gidan nan, tsakanin mata, ta je ta durƙusa a gaban ɗiyarta. Ta ɗage gefen zanen, ta ɗauko ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta danna.

Dakan ya tsaya.

Kulu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Dije, kin haukace? Ɗiyar hwari ta hwa!"

Dije ta ɗaga yatsan. Ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Ta saki ƙafar, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu ta juyo da ita wajen haske. Ban taɓa ganin ta kalli Bahijja ido da ido ba sai ranar.

"Kanki na ciwo?"

Bahijja ta yi ƙoƙarin janye fuskarta. "Adda, mutane na kallo."

"Su kalla. Kanki na ciwo?"

"Shina yi."

"Tun yaushe?"

"Tun kasuwar da ta wuce."

"Kina ganina sosai?"

Hawaye suka zubo mata. "Kamar cikin hayaƙi."

"Tashi ki ɗauko hijabinki."

Wata daga cikin matan ta ce zaƙi ne, a jiƙa mata tsamiya. Kulu ta ce, "Mu da munka haihu goma-goma ba mu kumbura ba? In dubawa ta, ki sa wata ta duba mana. Uwa ta rungume ƙahwar ɗiyar hwari gaban jama'a! Gobe kuma sai ki goya ta ki kai ta kasuwa."

Dije ta miƙe. Ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta nufi gonar Sulaiman, ƙanin marigayi Mijinyawa, wanda ke da amalanken shanu, don babur ba ya iya ratsa rafin a lokacin. Sulaiman ya zo yana share gumi. Shi abokin wasanta ne tun tana amarya, amma ranar bai yi wasa ba. Ya ce, "Dije, kin san abin da za a ce?"

"An riga an ce. Ɗaure shanun."

Ya hau tudun da ake samun waya ya kira Maniru, don ba a fita da matar mutum bai sani ba. Maniru ya ce a tafi, zai tarye mu a Shagari. Muka shimfiɗa tabarma a amalanke muka kwantar da ita. Na ɗauka Dije za ta bar ni in zauna kusa da ita, ita ta bi a ƙasa. Sai ta hau, ta ɗora kan Bahijja a cinyarta. Haka muka ratsa tungar, ta gaban maza da ke zaune a gindin darbejiya suna jiran lokacin masallaci. Wasu suka kau da kai. Matan suka biyo mu daga nesa, wasu don tausayi, wasu don kallo.

Muna kai bakin rafi abin ya zo. Na ga idon Bahijja ya juye, haƙoranta suka datse, jikinta ya sandare sannan ya kama kaɗawa har amalanken na motsi. Na kama salati. Kulu ta iso da gudu tana cewa, "Iska na! Wa ka bi da mai ciki bakin ruwa da tsakar rana? A mai da ta gida a yi mata hayaƙi!"

Sulaiman ya ja igiya ya tsai da shanun, ya waiwayo yana kallon Dije.

Ita kuwa ta juya yarinyar ta kwantar da ita a gefen hagu, ta kwance mata wuyan hijabi, ta tallabe kanta kada ya bugi katako. Ta ce, "Sulaiman, kora."

"Ruwan na da yawa."

"Kora, don girman Allah."

Ya kora. Ruwa ya kai ƙirjin shanu, ya shigo ya jiƙa tabarmar. Ni dai na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da muka hau ɗaya gaɓar jijjigar ta lafa, Bahijja na numfashi da ƙarfi, ba ta san inda take ba. A Horo Birni muka samu keke-napep, mai shi ya sauke buhunan da ya ɗora ya ɗauke mu.

Da muka isa asibitin Shagari, Malama Mufida na ganinmu ta taso. Kafin a gama shigar da ita an auna jininta, an yi mata allura, an aika kiran likita. Tana ɗaura robar ƙarin ruwa ta ce, "Inna Dije, wannan ba ta cikin waɗanda kike kawo mini. Ɗiyar wa ce?"

Dije ta ce, "Tawa ta."

"Taki? A gidanki take, sai yau?"

Malama Mufida ta dube ta, ta dubi yarinyar. Ita ma 'yar ƙasar nan ce. Ta ce a hankali, "Ta fari ce?" Dije ta gyaɗa kai. Malama Mufida ta ci gaba da aikinta.

Likita ya ce ba za a jira naƙuda ba, aiki za a yi a ciro ɗan. Maniru ya iso da mahaifiyarsa, ya yarda. Muka zauna a baranda. Dije ta koma can ƙarshe ita kaɗai, zanenta bai bushe ba, ta yi azahar ta yi la'asar a wuri ɗaya ba ta tashi daga kan ɗankwalin da ta shimfiɗa ba. Rana ta yi sanyi aka fito aka ce namiji ne, ƙarami amma yana kuka, uwar kuma tana numfashi. Sai washegari ta farka ta gane mutane.

Kwanakin da muka yi a asibitin Dije ce ke komai. Ita ke wanke zannuwa, ita ke riƙe mata kofi, ita ke tallabe ta in za ta zauna. Amma Bahijja ba ta iya ɗaga ido ta dube ta. In tana son wani abu, ko Dije na tsaye a kanta, sai ta ce, "Inna Fatu, ruwa." Dije ta zuba ta miƙo mini, ni in miƙa mata. Ba ƙiyayya ba ce. Ba ta san yadda ake yi ba ne, ba wanda ya taɓa koya musu su biyun.

Jaririn ne ya samu abin da aka tara. Jika ba kunya tsakaninsa da kaka. Dije ta ɗauke shi ta ce, "Kai, miji, haka aka zuwa? Ka tada gari, ka sa tsohuwa ta shiga ruwa, ga ka ko gemu babu. Ni na hwasa auren." Matan ɗakin su yi dariya. Ita ma Bahijja ta yi murmushi tana kallon bango.

Sulaiman ya zo dubiya da fura. Na tambaye shi labarin gida. Ya ce ba maganar da ake yi sai ta Dije, har a wajen sunan gidan mai unguwa. Tsofaffi sun ce ta zubar wa uwaye da mutunci. Ya ce amma matar ƙaninsa, wadda ke da cikin fari, ta tambaye shi a ɓoye yaushe Dije za ta dawo.

Ranar sallama Malama Mufida ta tara mu, ni da Dije da Maniru da mahaifiyarsa. Ta ce jinin ya sauka amma bai koma daidai ba. Sai an riƙa auna shi a kai a kai har a yi arba'in, ga magani kullum. Ban da kunun kanwa, ban da ruwan da ke tafasa, ban da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. In kai ya sara ko ido ya yi dishi, a kawo ta nan take, don abin na iya dawowa ko bayan haihuwa. Sai ta ce, "Inna Dije, rafinku fa?"

Damina ba ta ƙare ba, kowa ya sani.

Mahaifiyar Maniru mace ce mai kirki. Ta ce, "Mu dai ba mu karɓe miki haƙƙinki. Jegon hwari a gidan uwa aka yin shi. Yadda kika ce haka za a yi."

Maniru na tsugune a gefe, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Dije ba ta taɓa yi masa magana ba in ba amsa gaisuwa ba. Ta daɗe tana kallon jaririn da ke hannunta. Sannan ta juya gare shi kai tsaye.

"Maniru."

Ya razana. "Na'am, Inna."

"Asibiti na da nisa da gidanku?"

"A'a, Inna. Da ƙahwa aka zuwa. Ko ruwa anka yi, kwalta ta."

"In ta ce kanta na ciwo, ba ka cewa a bari sai ka dawo kasuwa?"

"Ba ni cewa, Inna."

"To ku tahi da ita."

Bahijja ta ɗago kai. Ta dubi Dije sosai, ta ce, "Adda, ke hwa?"

"Ni ina da akuyoyi, ba mai ba su ruwa."

Matar Sulaiman na kula da akuyoyin, duk mun sani. Mahaifiyar Maniru ta ce to ta biyo su mana, akwai ɗaki. Dije ta yi godiya ta ce a'a. Uwa ba ta tarewa gidan surukai, wannan kam ba ta iya ƙetare shi ba, kuma akwai masu ciki a tunga da watansu ya kusa, ba mai raka su in ba ita ba.

Ta riƙe jaririn har aka gama ɗora kaya a keke-napep. Ta gyara masa hula, ta ce masa, "Tahi, marowaci, ka samu 'yan birni." Ta miƙa shi ga mahaifiyar Maniru, ta maimaita mata maganar kanwa har sau biyu. Bahijja ta shiga a hankali tana dafe da ciki. Da keken ya tashi ta leƙo, bakinta ya motsa, amma ƙarar injin ta hana mu ji. Suka hau kwalta suka yi wajen Bodinga. Dije ta tsaya har suka ɓace, sannan ta ce, "Yaya Fatu, mu tahi kada la'asar ta same mu a hanya."

Keke-napep ya sauke mu a Horo Birni. Rafin ya ɗan ja baya, muka tattare zane muka ratsa da ƙafa, tana riƙe da hannuna don santsi. Da muka hau gaɓa ta ce, "Kina ganin za su ba ta maganin kan lokaci?"

Na ce, "Za su ba ta, da yardar Allah."

"Uwar mijin tana da hankali."

"Tana da shi."

Hanyar gida ta bakin rijiya ta bi. Mata na nan da yawa, suna hango mu hira ta mutu. Kulu ta aje guga ta leƙa bayanmu, ta ga ba kowa.

"Ina mai jegon?"

Dije ta ce, "Tana Bodinga."

"Bodinga? Gidan miji?" Kulu ta tafa hannu ta dubi sauran. "Duk wanga abin kunya da kinka yi gaban jama'a, kuma kin dawo hannu wohi? To mi kinka samu?"

Dije ta gyara ƙullin kayan da ke kanta.

"Tana da rai," in ji ta. "Sannunku da aiki."

Ta wuce. Na bi bayanta da kwanukan da muka kai asibiti.